Kwamfuta ta ce faifai ya cika, amma na kasa gano abin da ya cika shi

Mai_Shago_Mabera
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka goge a harkar Linux a cikinmu. Ina da shagon buga takardu da haɗa hotuna a Mabera, kuma akwai wata tsohuwar kwamfuta da na sa wa Ubuntu na ajiye a lungu, ba ta da wani aiki sai adana abin da ke kan sauran kwamfutoci uku na shagon. A cikinta akwai ƙaramin faifan SSD mai GB 240 wanda tsarin yake zaune a kai, sannan akwai babban faifan waje mai TB 2 da na jona ta USB, ina ɗora shi a kan foldar /mnt/ajiya. Kullum da dare kafin mu rufe, rsync, wato manhajar kwafin fayiloli, yana kwashe aikin ranar ya zuba a can.

Tun shekaranjiya kwamfutar ta daina karɓar komai, ko ƙaramin fayil ba ya shiga. Da na buga df -h, umarnin da ke nuna wurin da aka ci a faifai, sai ya nuna mini girman ƙaramin faifan 219G, an ci 208G, saura sifili, wato 100%. Amma da na buga sudo du -xsh /, wanda ke ƙirga girman fayiloli, sai ya ba ni 37G kacal. Ina sauran 171G suka shiga? Sannan in an cire 208 daga 219 ai ya kamata a ce saura 11, me ya sa yake cewa babu komai? Lokacin da ɗaliban jami'a ke kawo kundin kammala karatu ne, ba na son in taɓa abin da ban sani ba in jawo wa mutane asara.

Ɗalibi_Dandima
Wa alaikumus salam. Malam, a ganina rajistar tsarin ce ta kumbura. Ka shiga /var/log ka goge duk abin da ke ciki, ni ma na taɓa yin haka wuri ya samu nan take.

Injiniya_Arkilla
Ƙanena na Dandima, ka yi haƙuri in gyara maka. Da a ce /var/log ce ta cika, ai du zai ƙirga ta a cikin 37G ɗin nan, domin foldar tana bayyane. Kuma ba a goge wannan folda gaba ɗaya da hannu, saboda akwai manhajojin da ba za su tashi ba idan suka nemi foldarsu ta rajista suka rasa. Wanda yake son rage rajista ya fara duba girmanta da journalctl --disk-usage, sannan ya rage da sudo journalctl --vacuum-size=200M.

Malam mai shago, tambayarka ta biyu ta fi sauƙi, bari in fara da ita. Tsarin fayiloli na ext4, wanda Ubuntu ke amfani da shi, yana ware kashi 5 cikin 100 na faifan ga babban mai iko, wato root, domin idan masu amfani suka cika wuri tsarin ya samu inda zai motsa. Kashi 5 na 219 shi ne kusan 11 ɗin da kake nema. Ba ɓata suka yi ba, kuma albarkacinsu ne har yanzu sudo, wato umarnin yin aiki da ikon root, ke yi maka aiki.

Game da ta farko, abin da na fi zargi shi ne fayil da aka goge alhali wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe. A Linux idan ka goge fayil, sunansa ne ke fita daga folda, amma wurin da ya ci ba ya dawowa sai manhajar da ke riƙe da shi ta sake shi. Shi du sunaye yake bi yana ƙirgawa, shi ya sa ba ya ganin irin wannan fayil, shi kuwa df tsarin fayilolin yake tambaya kai tsaye. Ka buga sudo lsof +L1 ka turo mana abin da ya fito, sannan ka haɗa da df -i mu ga ko inode, wato guraben da tsarin ke rubuta bayanin kowane fayil a ciki, ne suka ƙare.

Mai_Shago_Mabera
Allah ya ƙara sani Injiniya, maganar 11 ɗin ta zauna mini yanzu. Na buga lsof +L1, layuka huɗu ne suka fito kuma duka ba su kai MB 30 ba. Shi kuma df -i ya nuna kashi 4 kawai aka ci. Ina ƙara da cewa kwamfutar ta mutu ta tashi ya fi sau biyar tun da abin ya fara, saboda yadda ake ɗauke wuta a unguwarmu.

Injiniya_Arkilla
To, zargina ya faɗi ke nan. Duk fayil da aka goge yana buɗe, kashewa da kunnawa ɗaya ta isa ta saki wurinsa.

Gidan_Igwai_77
Ni ma ina ganin 100% a layuka da yawa masu suna /dev/loop a tawa kwamfutar. Ko su ne matsalar tasa?

Injiniya_Arkilla
A'a, waɗannan manhajojin snap ne. Kowace ɗaya a dunƙule take cikin fayil guda wanda ake ɗorawa don karatu kawai, ba a rubutu a cikinsa, saboda haka kullum a cike zai nuna. Ba alamar ciwo ba ce.

Malama_Runjin_Sambo
Assalamu alaikum. Malam mai shago, ina da tambaya guda: a cikin makonnin nan akwai ranar da kwamfutar ta tashi alhali babban faifan bai kama ba?

Dalilin tambayar shi ne, jona faifai daban, ɗora shi daban. Jonawa ita ce ka soka waya. Ɗorawa kuwa ita ce tsarin ya ɗauki abin da ke cikin faifan ya shimfiɗa shi a kan wata folda, kamar yadda ake shimfiɗa tabarma a ƙasa. Foldar /mnt/ajiya folda ce ta gaske da ke zaune a kan ƙaramin faifanka. Idan babban faifai yana ɗore a kanta, duk abin da aka zuba yana tafiya babban faifai. Idan kuwa bai ɗoru ba, foldar tana nan ba ta gushe ba, kuma rsync ba zai tsaya tambaya ba, zai ci gaba da zuba kaya a cikinta, wato a kan ƙaramin faifai. Abin da ya fi muni, da yake zai tarar da ita wayam, ba aikin ranar kaɗai zai kwaso ba, dukan abin da ke kan kwamfutocin uku zai fara kwasowa daga farko. Ranar da babban faifan ya dawo aka sake ɗora shi, sai ya rufe waɗancan fayiloli ruf. Suna nan ƙarƙashin tabarma suna cin wuri, df yana ƙirga su, du ba ya ganinsu.

Na gamu da wannan a ɗakin kwamfuta na makarantar da nake koyarwa, kuma sai da na kwana biyu ina nema. Hanyar dubawa ba tare da ka sauke komai ba ita ce: sudo mkdir /mnt/duba, sannan sudo mount --bind / /mnt/duba, sannan sudo du -sh /mnt/duba/mnt/ajiya. Wannan ɗorawar tana nuna maka ƙaramin faifan shi kaɗai, ba tare da abin da aka shimfiɗa a kansa ba. Don Allah ka duba kawai, kada ka goge komai tukuna.

Baba_Kanwuri
Maganar Malama ita ce hankalina ya fi kwanciya da ita. Ina jaddada gargaɗinta na ƙarshe, ɗana, domin a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Sunan foldar da ke ƙasa da sunan wadda ke sama duk ɗaya ne. Wanda ya gaji, ya buga umarnin gogewa a kan /mnt/ajiya alhali babban faifai yana ɗore, to ajiyarsa ta shekaru ya goge, ba tarkacen da yake nufi ba. Haka kuma idan ka gama dubawa, sudo umount /mnt/duba za ka fara yi. Kada ka goge foldar duba da abin da ke cikinta tana ɗore, domin cikinta ɗin nan shi ne dukan tsarinka.

MaiHoto_Minannata
Tun da ana maganar wurin da ke ɓacewa, ku ba ni dama in shigo da tawa. Na sayi faifan waje da aka rubuta TB 1 a kwalinsa don ajiye bidiyon bukukuwa, amma da na jona a Windows sai na ga GB 931. Har na koma wurin mai kayan muka yi ta ja-in-ja. Shin an cuce ni ne?

Injiniya_Arkilla
Ba a cuce ka ba ɗan'uwa, mudun awon ne ya bambanta. Masu ƙera faifai suna ƙirga dubu-dubu, wato TB 1 a wurinsu bayit tiriliyan ɗaya ne cif. Windows kuma tana rabawa da 1024 sau uku, sai lissafin ya ba da 931. Haka faifan GB 500 ke nuna 465, na TB 2 kuma ya nuna 1.8. A Linux za ka iya ganin duka biyun: df -h yana awo da 1024, df -H mai babban baƙi yana awo da 1000. Ya kamata ka koma ka ba mai kayan haƙuri.

Tudun_Wada_Gyara
Gaskiya ne, amma kada a ɗauka babu cuta a kasuwa ko kaɗan. Ni gyaran kwamfuta nake yi, kuma an sha kawo mini filash da aka rubuta GB 64 ko 128 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna hakan, alhali ainihin abin da ke ciki bai wuce GB 8 ba. An yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne don ta faɗi ƙarya. Za ka yi ta zuba kaya yana karɓa, sai ranar da ka buɗe ka tarar sunayen fayiloli suna nan amma ba sa buɗuwa. Irin wannan df ba zai tona shi ba, domin abin da filash ya faɗa masa shi yake maimaitawa. Sai an cika shi da bayanai an sake karantawa, kuma aikin da H2testw ke yi ke nan a Windows, f3 kuma a Linux. Duk filash da araharsa ta yi yawa, a gwada shi kafin a ɗora masa amanar mutane.

MaiHoto_Minannata
Na gode muku, zan koma wurinsa in sha Allah. Sauran tambaya ɗaya: me ya sa bidiyon ɗaurin aure mai GB 6 ya ƙi shiga filash ɗina mai GB 32 alhali babu komai a ciki?

Tudun_Wada_Gyara
Filash ɗinka yana kan tsarin fayiloli na FAT32, kuma shi ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai GB 4, komai yawan wurin da ya rage. Ka kwashe abin da ke ciki ka yi masa fomat zuwa exFAT. Microsoft ta fito da shi a 2006 saboda irin wannan buƙatar, Windows da Mac duk suna karanta shi, Linux ma ta shigar da shi cikin ƙashin bayanta, wato kernel, tun fitowar 5.4 a 2019. Sai dai ka lura, wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kaɗai suka sani.

Mai_Shago_Mabera
Malama, Allah ya saka da alheri, gani ya kori ji. Na bi umarnin nan uku kamar yadda kika rubuta, kuma du ya nuna 171G daidai a ƙarƙashin foldar. Da na duba kwanan watan fayilolin sai na tuna abin da ya faru. Babban faifan yana da nasa abin jona wuta, kuma a soket ɗin bango yake, ba a kan UPS ba. Kwanakin baya da muka koma kan janareta an sauya wayoyi, nasa ya zauna a cire har kwana tara ban lura ba, domin kwamfutar tana tashi lafiya ba ta nuna komai. Da na gani na mayar na sake kunnawa, ban kawo komai a raina ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, a cikin kwanakin nan tara yaran shago sun share ayyuka da dama daga kwamfutocin gaba, bisa saninsu cewa an riga an adana. Ke nan akwai kundin ɗalibai da babu kwafinsu a ko'ina sai a wannan ɓoyayyen wuri. Da na yi gaggawar gogewa da na shiga uku.

Malama_Runjin_Sambo
Alhamdu lillahi. Yanzu sai ka kwashe su zuwa babban faifai a cikin sabuwar folda ta daban, misali /mnt/ajiya/ceto, kada ka zuba su kai tsaye a kan tsofaffin, domin wani fayil na iya zama sabo a nan, tsoho a can. Ka fara gwadawa da rsync -avn, harafin n yana sa ya lissafo abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Idan ka gamsu sai ka cire n. Bayan ya gama ka buɗe fayiloli goma ko ashirin da hannunka ka tabbatar suna buɗuwa, sannan ka goge na ƙasan ta hanyar /mnt/duba/mnt/ajiya, kana karanta layin sau biyu kafin ka danna.

Ɗalibi_Dandima
Na karɓi gyara, kuma na ƙaru ƙwarai. Amma ina son in fahimta, me ya sa kwamfutar ta tashi lafiya alhali faifan da aka ce ta ɗora babu shi? Ni da na taɓa cire faifai na biyu daga tawa, tsayawa ta yi a baƙin allo ta ƙi ƙarasawa.

Injiniya_Arkilla
Tambaya mai kyau. Amsar tana cikin fayil ɗin /etc/fstab, inda ake jera faifan da za a ɗora lokacin tashi. Idan layin faifai yana da kalmar nofail, tsarin zai wuce ko bai same shi ba. Idan babu ita, zai jira na ɗan lokaci, a bisa al'ada daƙiƙa 90, sannan ya faɗa yanayin gaggawa, wanda shi ne baƙin allon da ka gani. Ina kyautata zaton Malam mai shago yana da nofail. Ra'ayina shi ne ya cire ta. Kwamfutar da ba ta da aiki sai ajiya, in ma'ajiyar ba ta nan gara ta tsaya cik kowa ya gani, da ta tashi tana nuna lafiya alhali tana zuba kaya inda bai dace ba.

Baba_Kanwuri
A nan kam na saɓa da kai, Injiniya. Ka tuna a Sakkwato muke, inda wuta ke iya tafiya ta dawo sau da yawa a yini guda, kuma kwamfutar tana lungu, wataƙila ko allo ba a jona mata ba. Idan ta tsaya a yanayin gaggawa ranar da mai shago ya tafi Illela ko Tambuwal, wane yaro ne zai fitar da ita? Shago zai kwana biyu babu ajiya ko kaɗan. Ni abin da nake yi shi ne in bar nofail, amma in hana rubutu a foldar idan babu faifai a kanta. Ana sauke faifan, a buga sudo chattr +i /mnt/ajiya, sannan a sake ɗorawa. Foldar ƙasan ta kulle ke nan, ko root ba zai rubuta a cikinta ba, amma ɗora faifai a kanta yana yiwuwa kamar kullum.

Malama_Runjin_Sambo
Duka biyun suna da hujja, sai dai ni a wurin rsync nake ganin gyaran ya fi dacewa. A sa mountpoint -q /mnt/ajiya a gabansa, a haɗa su da &&, ta yadda ba zai motsa ba sai an tabbatar faifan yana ɗore. Amma akwai abin da ya rage a hanyata da ta Baba: idan kwafin ya ƙi yiwuwa cikin dare, wa zai sani? Yaran za su ci gaba da share ayyuka da safe. Dole a samu wata alama da mutum zai gani da idonsa, ko da ƙaramin fayil ne mai ɗauke da kwanan watan kwafin ƙarshe, wanda za a duba kafin a share komai.

Gwadabawa_Sadarwa
Ƙarin abu ɗaya game da fstab ɗin. Malam ya duba ko da /dev/sdb1 ya rubuta faifan. Waɗannan sunaye ba su da tabbas, tsarin yana raba su ne bisa wanda ya fara gani. Na taɓa barin filash a jiki na kunna kwamfuta, filash ya karɓi sunan sdb, aka ɗora shi a wurin babban faifai. A buga sudo blkid a ɗauki lambar UUID, wato lambar shaidar faifan, a sa ta a madadin sunan, ita ba ta sauyawa sai an yi fomat. Bayan kowane gyara kuma a gwada da sudo mount -a kafin a kashe kwamfutar, domin kuskuren harafi ɗaya a fayil ɗin nan yana iya hana ta tashi.

Mai_Shago_Mabera
Na duba, akwai nofail kamar yadda Injiniya ya zata, kuma /dev/sdb1 na rubuta, zan mayar da shi UUID. Kwafin ceto yana tafiya yanzu. Sai dai na yi ƙoƙarin sauke babban faifan ɗazu don in gwada shawarar Baba, umount ya ƙi, ya ce faifan yana cikin aiki. Na ga wasu suna cewa a ƙara -l a tilasta shi.

Tudun_Wada_Gyara
Kada ka tilasta shi, Malam, balle kwafi yana tafiya. Harafin -l ɓoye faifan kawai yake yi daga ido, manhajar da ke riƙe da shi tana ci gaba da rubutu, sai mutum ya zaci an gama ya zare waya. Ka jira rsync ya ƙare, sannan ka buga sudo fuser -vm /mnt/ajiya ya nuna maka wanda ke riƙe da shi. Sau da yawa ma tagar umarnin da kake ciki ce, domin idan kana tsaye a cikin foldar ba za ta sauku ba sai ka fita da cd.

Kuma tun da faifan ya sha ɗaukewar wuta yana cikin aiki, idan ka sauke shi ka duba lafiyarsa da fsck, wanda ba a yin sa a kan faifan da ke ɗore. Ka duba zafinsa da smartctl ma. A bazara iskar garin nan tana haura digiri 40, faifan da ke cikin kwalin roba a lungun da babu fanka kuwa ya fi haka nesa, ga ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska. Yawancin faifan da ake kawo mini a mace daga watan Maris zuwa Mayu suke zuwa.

Injiniya_Arkilla
Baba, na ji hujjarka kuma ban raina ta ba, amma har yanzu ina kan bakana game da wannan kwamfutar. Kwana tara aka yi babu wanda ya lura, kuma abin da ya jawo haka shi ne shirun da ta yi. Kulle folda zai hana faifai cika, ba zai sa kowa ya waiwaya ba. In dai za a bar nofail, to alamar da Malama ta ambata ta zama wajibi, kuma a mayar da wutar babban faifan kan UPS ɗaya da kwamfutar tun yau.

Mai_Shago_Mabera
An gama kwafin, na buɗe kundi ashirin da biyu duk lafiya, na goge na ƙasan, yanzu df yana nuna 37G a ƙaramin faifai. Na mayar da wutar faifan kan UPS, na sa mountpoint a gaban rsync. Maganar nofail ban yanke ba tukuna, zan jira in ga ko zan samu ƙaramin allo in jona wa kwamfutar. Malama, in ba damuwa ki rubuto mini yadda zan sa fayil ɗin kwanan watan ya riƙa fitowa a kan kwamfutar gaba, inda yaran za su gan shi da zarar sun buɗe shago.